Saitin inji: ƙofar da man motocin Magarya da Dungas ke zurarewa

Duk wanda ya san kudancin jahar Damagaram ya san cewa arzikin wannan yanki bisa inji yake tafiya. Motocin da ke kwasar riɗi da wake da gyaɗa daga kasuwannin Bande da Sassumburum, da waɗanda ke ɗauko rake daga fadamun Korama wajen Waca da Guci, da kamiyon dabbobi masu nufar kasuwar Maigatari ran Alhamis, da baburan kabu-kabu, da injunan niƙa da na ban ruwa, duka mai suke sha. Haka ma motocin ma'aikatu da na ɗaukar marasa lafiya, waɗanda aikinsu ya ƙaru tun da aka ɗaga Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta cikin shekara ta 2011.

Shekaru da yawa ba a damu ƙwarai da yawan man da inji ke sha ba, domin iyaka tana kusa, man Najeriya kuma yana da araha, ƴan ruwa-ruwa na sayar da shi cikin kwalabe da jarkoki a bakin kowace hanya. Ko bayan buɗe matatar SORAZ cikin watan Nuwamba na 2011, wannan ciniki bai tsaya ba. Amma ran 29 ga Mayu 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin fetur, cikin ƴan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. A nan gida, litar gazuwal ta tashi daga tamma 538 na sefa zuwa 668 cikin watan Agusta na 2022, kafin a rage ta zuwa 618 cikin Yuli na 2024, lokacin da aka mai da litar esansi 499. Cikin Maris na 2025 kuwa, kowa ya ga dogayen layuka a gidajen mai.

To, farashi ba a hannun mai mota yake ba. Abin da ke hannunsa shi ne yawan litar da injinsa ke ƙonewa, kuma babban abin da ke yanke wannan hukunci shi ne saitin lokaci, wanda makanikan da suka koyi aiki a Damagaram ke kira kalaji, waɗanda suka koya a Kano kuwa su ce taimin.

Yadda inji ke numfashi

Injin mota da na babur da na ban ruwa kusan duka tsari ɗaya suke bi, wanda wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya daidaita cikin shekara ta 1876. Fistin yana sauka ya zuƙo iska, ya hau ya matse ta, mai ya kama wuta ya turo shi ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Matakai huɗu ke nan, kuma ɗaya tak daga cikinsu ke ba da ƙarfi, sauran ukun hidima suke yi masa.

Ƙarfe biyu ke riƙe da wannan tsari. A ƙasa akwai karanshaf, wanda fistin ke juyawa. A sama ko a gefe akwai kamshaf, wata sanda mai ƙusumbi-ƙusumbi, wadda ke danna bawul ya buɗe don iska ta shiga ko hayaƙi ya fita. Duk lokacin da karanshaf ya yi juyi biyu, wato digiri 720, kamshaf juyi ɗaya yake yi. Abin da ke ɗaure su wuri guda shi ne bel mai haƙora, ko sarƙa, ko kuwa giya, kuma kamfanin da ya ƙera injin ya sa alamomi, ɗigo ko tsaga, waɗanda dole su fuskanci juna lokacin da fistin na farko ya kai ƙololuwa.

Wanda ya taɓa ganin mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya fahimci maganar. Taɓarya na sauka, ɗaya na tashi, turmi bai taɓa zama banza ba, hatsi kuma na dakuwa da sauri. In ɗaya ta yi jinkiri kaɗan, aiki ya ragu. In jinkirin ya yi yawa, taɓare su gwabza. Haka fistin da bawul suke, wuri ɗaya suke zuwa, kowa da lokacinsa.

Kada mai karatu ya raina haƙori guda. Mu ɗauka gargaren kamshaf yana da haƙora 40. Kowane haƙori digiri 9 ne a kansa, wato digiri 18 a kan karanshaf. In an ɗaura bel da kuskuren haƙori ɗaya, sau da yawa injin zai tashi, ya yi tafiya, mai shi ya biya kuɗin aiki ya yi godiya, alhali kowane bawul yana buɗewa da rufewa nesa da lokacinsa.

Lokacin feshin mai

A injin gazuwal babu fulogi. Zafin iskar da aka matse shi ke kunna man da nozul ya fesa. Amma man ba ya kamawa nan take, sai ya ɗan jira, abin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wannan ɗan lokaci kamar ba kome ba ne, amma injin da ke juyi 2,000 cikin minti yana cin digiri 12 a cikinsa. Shi ya sa ake fara feshi tun fistin bai kai ƙololuwa ba, don ƙarfin ƙunar ya same shi daidai lokacin da ya juyo zai sauka. Mai kula da wannan lokaci shi ne pampon mai, irin wanda kamfanin Bosch ya fara ƙerawa da yawa cikin shekara ta 1927.

In feshin ya yi latti, wuta tana bin fistin a baya yana guje mata. Ƙarfin da ya kamata ya tafi ƙafafun mota sai ya fita ta salansa yana zafi. Alamunsa su ne wuyar tashi da safe, farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai lokacin da injin ke da sanyi, rashin jan kaya, da zafin inji. Direba kuwa, da ya ji mota ba ta ja, sai ya ƙara taka totur, mai ya ƙara tafiya.

In feshin ya yi sammako fiye da kima, wuta tana tarar fistin yana kan hawa, ta buge shi a ka. A nan ne ake jin ƙara mai kaifi kamar ana buga ƙarfe da guduma. Da fari motar takan yi kamar ta ƙara kuzari, shi ke ruɗin mutane, amma matsin da ke cikin silinda ya wuce abin da aka ƙera injin ya ɗauka. Gasket ɗin kan inji ne ke fara biyan bashin, sai fistin, sai metal.

Tsakanin latti da sammako akwai wani ɗan wuri ƙanƙane inda lita ɗaya ke ba da iyakar abin da ke cikinta. A pampo mai juyawa irin na Bosch, wanda ke kan Hilux da Land Cruiser masu yawa na shekarun 1980 da 1990, ana auna wannan wuri da wani agogon awo da ake ɗaurawa a bayan pampon. Motsin da ake aunawa bai wuce kusan milimita ɗaya ba, kuma kuskuren da aka yarda da shi ƴan kashi ne cikin ɗari na milimita. Mai karatu ya yi wa kansa hukunci ko kunnen ɗan Adam, kome ƙwarewarsa, zai iya jin wannan bambanci cikin hayaniyar garaji.

A tsofaffin motocin esansi, kamar Peugeot 504 da kamfanin PAN na Kaduna ya yi shekaru yana haɗawa, maganar ita ce lokacin tartsatsin fulogi, wanda ake gyarawa ta murɗa delko. Ana duba shi da wata fitila mai walƙiya da ake haska alamar karanshaf da ita, injin na aiki. Dokar ɗaya ce: latti na cin mai, sammako na cin inji. Kuma man da aka gauraya da kananzir yana sa injin ƙara ko da saitinsa daidai ne, don haka wanda ya ja saiti baya saboda mummunan mai ya yi asara sau biyu.

Abubuwan da ke ɓata saiti

Na farko shi ne tsufa. Sarƙa tana miƙewa, bel yana saki, kamshaf ya riƙa zuwa a makare ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Injuna da yawa na Toyota na wancan zamani, har da 1HZ mai silinda shida da lita 4.2 wanda ya fito cikin 1990, an ƙayyade a canza musu bel bayan kilomita 100,000, ko abin da littafin motar ya faɗa. Wanda ya kashe fitilar gargaɗi ya ci gaba da tafiya caca yake yi, domin a yawancin injunan gazuwal in bel ya tsinke fistin na haɗuwa da bawul, kuɗin bel ɗaya ya koma kuɗin rabin inji. In ma abin ya faru tsakanin Dogo-Dogo da Dungas, da kaya bisa mota, sai a ƙara da kuɗin janwe da kasuwar da ta wuce. Mai zuwa sayen bel a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a shagunan Damagaram ya tuna araha ba ta ado.

Na biyu shi ne kankare kan inji. Idan mota ta yi zafi kan injin ya lanƙwashe, akan kai shi a goge fuskarsa. A injin da kamshaf ke sama, wannan yana rage nisan da ke tsakaninsa da karanshaf, saitin ya ɗan ja baya. Kan da aka kankare sau biyu ko uku ba zai zauna daidai da alamomin asali ba, sai an auna, a sa gasket mai kaurin da ya dace.

Na uku shi ne tazarar bawul. In ta yi faɗi, bawul na buɗewa a makare ya rufe da wuri, iska ba ta isa. In ta yi ƙunci, ba ya zama sosai a mazauninsa, matsi ya zurare, bakinsa ya ƙone. Aikin sa'a ɗaya ne da ƴan siraran ƙarafan awo, amma shi aka fi mantawa.

Na huɗu shi ne nozul da ya gaji. Sifirin ɗinsa in ya yi laushi, yana buɗewa kafin lokaci, kuma maimakon ya yi feshi kamar hazo sai ya riƙa ɗiga. Ko an saita pampo daidai, irin wannan nozul zai ɓata aikin.

Na biyar, wanda ya fi kowane yaɗuwa, hannun mutum ne. Direba ya zo ya ce mota ba ta ja cikin rairayi, sai a karya hatimin da ke kan pampo a murɗa kusar da ke ƙara yawan mai. Motar takan ɗan ƙara ƙarfi, amma baƙin hayaƙin da ke bin ta a baya gazuwal ne da aka saya bai ƙone ba, don babu isasshiyar iskar da za ta ƙone shi. Sau da yawa ciwon yana wurin matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Cikin bazara kuwa, da zafi ya haura digiri 40, iskar kanta ba ta da kauri, ƙarin mai a lokacin ƙarin zafi ne kawai ga fistin.

Ƙarfi ko tattali

Shin ana iya gusar da saiti da gangan don a sami wani amfani? Ana iyawa, amma kowane amfani da kuɗinsa. In aka gabatar da kamshaf ƴan digiri, bawul ɗin shigar iska na rufewa da wuri, injin ya ƙara ƙarfin ja lokacin da yake juyi a hankali, ya rasa wani abu wajen gudu. In aka jinkirta shi, sai akasin haka. Masu tseren motoci a Turai da Amurka jinkirin suke nema. Mai ɗauko buhunan riɗi ta hanyoyin ƙauye masu rairayi ƙarfin ja yake bukata, kuma injunan motocin kaya dama don haka aka ƙera su. Saboda haka a wajenmu riba tana cikin mai da inji kan saitinsa na asali. Gusar da shi aikin mai kayan awo ne, digiri biyu ko uku, ba tsallake haƙori ba.

Ƙananan injuna

Manoman rani na Korama da masu injin niƙa su ma maganar ta shafe su. A ƙananan injunan ban ruwa irin na Honda da makamantansu na Sin, giya biyu ne masu ɗigo, sai a haɗa ɗigo da ɗigo. Lokacin tartsatsi kuwa wani ɗan makulli ne ke riƙe da shi tsakanin karanshaf da babban faifan da ke kansa. In ya yanke, injin zai riƙa fizgar igiya daga hannun mai tayarwa, ko ya ƙi tashi, a yi ta zargin kafireta a banza. A injunan gazuwal masu silinda ɗaya na Sin, siraran faranti ne ake sawa ƙarƙashin pampo: a ƙara su feshi ya yi latti, a rage su ya yi sammako. Yaron garajin da ya kwance pampo ya yar da faranti ɗaya ya canza saitin injin bai sani ba. Babura masu sarƙar kamshaf kuma suna da harafin T a kan faifansu, wanda ke nuna ƙololuwar fistin.

Motoci masu ƙwaƙwalwa

Motocin da ake shigowa da su yanzu sun canza aikin. Tun shekarun 1990 Toyota ta fito da tsarin VVT-i, inda injin ke gusar da kamshaf da kansa yana cikin tafiya, ya gabatar da shi ko ya jinkirta gwargwadon bukata. Matsin baƙin mai ne ke yin wannan aiki, don haka wanda ke jinkirin juye ko ke sayen baƙin mai na bakin hanya shi ke kashe tsarin da hannunsa. Cikin 1997 kuma aka fara sayar da ƙananan motocin gazuwal masu bututun mai na tarayya, irin tsarin da ke cikin Hilux mai alamar D-4D. Matsin mai a na farkon ya kai bar 1,350, na baya sun haura 2,000, alhali tayar ƙaramar mota bar 2 da ƴan kai take ɗauka. A irin wannan inji kwamfuta ce ke yanke lokacin feshi, babu pampon da za a murɗa, sai na'urar bincike. Ɗigon ruwa ko ƙwayar rairayi daga jarka na iya lalata injekta mai tsadar gaske.

Akwai masu alkawarin canza lissafin kwamfutar don mota ta ƙara ƙarfi kuma ta rage shan mai. Mai mota ya yi hattara. Cikin Satumba na 2015 kamfanin Volkswagen ya amsa cewa ya sa wa motoci wajen miliyan 11 wata dabarar ɓoye gubar hayaƙinsu lokacin gwaji. In babban kamfani mai dubban injiniyoyi ya kasa haɗa ƙarfi da tattali da tsabtar hayaƙi ba tare da maguɗi ba, to mai kwamfuta ɗaya a ƙarƙashin rumfa wani abu yake sayarwa daga ran injin.

Lissafin ɗan kasuwa da na ma'aikaci

Mu ɗauki misali. Mota tana cin kilomita 30,000 a shekara tsakanin Magarya, Damagaram da kasuwannin ƙauye. Saboda ɓacin saiti tana shan ƙarin lita 2 a kowane kilomita 100. Lita 600 ke nan a shekara. Bisa farashin tamma 618, kuɗin ya kama jika 370 da tamma 800, kusan albashin wata tara na mafi ƙarancin albashi, wanda aka mai da jika 42 a farkon 2024. Ɗan kasuwa mai mota uku ya ninka da kansa. Shugaban ma'aikata kuma ya tuna cewa tikitin man da ya ƙare ran 20 ga wata yana nufin rangadin da ba a yi ba, ko majinyacin da aka ce wa danginsa su kawo kuɗin mai. Sau da yawa direba ake tuhuma da sayar da mai, alhali ɓarawon yana ƙarƙashin bonet.

Gane gaskiya ba wuya. A cika tanki fal, a rubuta kilomita, a yi tafiyar da aka saba da kayan da aka saba, a sake cikawa fal, a raba lita da nisa. A yi haka kafin gyara da bayan gyara. Littafin mota da ake rubuta wannan a ciki kowane mako shi ke nuna ranar da injin ya fara kauce wa hanya.

In an je garaji kuma, aiki yana da jeri. A fara da matatar iska da ta mai, sai tazarar bawul, sai a auna matsin kowace silinda, sai a duba alamomin kamshaf da lafiyar bel ko sarƙa, sai a gwada nozul a kan na'urar gwaji. Saitin pampo ko na delko shi ne na ƙarshe, domin bisa sauran yake zaune. Mai mota yana da haƙƙin ya ce: Malam, nuna mini alamomin kafin ka rufe, kuma da me ka auna? Makaniken kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Makanikan yankin nan ba su rasa basira ba, su ne suka riƙe motocin da suka shekara talatin suna aiki cikin rairayi. Abin da yawancin ƙananan garaji suka rasa kayan awo ne: agogon pampo, fitilar saiti, ma'aunin matsi, na'urar gwajin nozul da ta binciken kwamfuta. Kuɗinsu ya fi ƙarfin makanike ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar masu sufuri ko ta ƴan kasuwa ba, in suka haɗa hannu suka ajiye saiti ɗaya a Magarya, ɗaya a Dungas, ana haya. Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi su ma ya kamata su sa wannan awo cikin abin da suke koya wa yara. Man da za a tsirar cikin shekara ɗaya ya isa ya biya kuɗin kayan.